Kyanwa, Ɓera da Sharar Kasuwa: Abin da ke Hana Mai Farauta Yin Farauta

(Kiɗan buɗe shiri)

 Yau a shirinmu na faɗakarwa kan muhalli da lafiyar al'umma, za mu yada zango ne a Kasuwar Kwastam da ke nan Maiduguri, domin mu duba wata tambaya da masu hatsi da masu sito suka daɗe suna yi wa junansu. Ga kyanwoyi nan birjik a kasuwa, duk lungun da ka leƙa sai ka tarar da su a kwance, to me ya sa ɓera bai daina fasa buhu ba?

Wasu sukan ce kyanwar zamani ce ta lalace, ta zama kyanwar Lami, ba cizo ba yaƙushi. Wasu kuma sukan ce ɓerayen ne suka yi ƙarfin da ya wuce misali. Masana halayyar dabbobi sun daɗe suna bin diddigin irin wannan lamari, kuma amsar da suka samu ta shafe mu kai tsaye, domin tana cikin abin da muke zubarwa da hannunmu kowace yamma.

Mu tsaya a kasuwar da la'asar sakaliya, lokacin da ake haɗa kaya. Mai kifi ya gama gyara, ya tara kawuna da hanji da ɓawo a cikin roba, ya juye su a bakin kwata. Mahauci ya kankare teburinsa da bayan wuƙa, ɓurɓushin nama da kitse da jijiya sun zuba a ƙasa. Mai abinci ta juye ƙanzo da ƙasusuwa a gindin bango. Mai awo ya share gero da masarar da suka zube daga tiya, ya tara su a gefe ya tafi. Kafin a kira magariba kyanwa ta sauko daga kan rumfa, ta sa baki a hanjin kifin nan, ta cika cikinta ba tare da ta yi ko taku goma ba, ta koma kan buhu tana lasar ƙafa. Bayan isha'i, kasuwa ta yi tsit, ɓeraye suka fito daga ramukan da ke bakin magudanar ruwa, suka nufi wannan tarin da kyanwa ta ci ta rage. Kyanwar tana kallonsu. Ta ɗaga kai, ta sake kwantawa.

Babu lalaci a nan. Duk dabbar da ke rayuwa da farauta tana da lissafin da Allah Ya halicce ta da shi: me zan samu, nawa zan wahala, wane haɗari zan shiga? Ɗan dako ma, in aka ajiye masa kaya biyu a kan kuɗi ɗaya, mara nauyin zai ɗauka. Babban ɓera yana cizo, yana kare kansa, kuma raunin da ya yi wa kyanwa a fuska zai iya zama sanadin ajalinta. Gafiya kuwa takan kai kilo guda ko fiye. Hanjin kifi ba ya gudu, ba ya cizo. Matuƙar akwai wannan madadin, kyanwa za ta kama ɗan ƙaramin ɓera in ya faɗo mata, ta ƙyale manyan, su kuwa manyan su ne masu haihuwa.

An gwada wannan a zahiri. A shekarar 2018 wasu masu bincike a birnin Niyok na Amurka suka kafa na'urorin ɗaukar hoto a wata cibiyar tara shara da ke unguwar Buruklin, inda ɓeraye fiye da ɗari suke zaune tare da kyanwoyin titi. Kwana 79 ana ɗauka. Ɓeraye biyu kacal kyanwoyin suka kashe. A 2021 kuma masana a Jami'ar Exeter ta Ingila suka gano cewa kyanwoyin gida da aka riƙa ba abinci mai yawan nama sun rage kawo abin da suka farauto da kashi 36 cikin ɗari. Ashe ƙoshi da nama yana sanyaya farauta, a Turai ne ko a Kwastam.

Wannan ita ce fuska ta farko ta madadin abinci, kuma nan take ake ganinta: mai farauta ya ƙoshi, abin farauta ya samu sarari.

Fuska ta biyu ba a ganinta sai an ɗau lokaci. Kyanwar da ke ƙoshi kullum tana haihuwa da kyau, nononta yana isar 'ya'yanta, kuma yawancinsu suna rayuwa. Cikin 'yan shekaru sai kyanwoyin kasuwa su ninka. Ku lura da kyau, jama'a: ba ɓera ne ya yawaita su ba, shara ce. Saboda haka ko ɓera ya ragu ko ya ƙaru, yawansu ba ya motsi. To rundunar nan da shara ta tara, in ta tashi farauta, wa za ta faɗa wa? Za ta faɗa wa mai sauƙin kamu: 'yan tsakin gidajen da ke maƙwabtaka da kasuwa, da 'ya'yan tantabaru, da ƙananan tsuntsaye, da ƙadangarun da ke rage mana ƙwari a bango. Haka abin yake da shirwa. Duk inda ake yanka ana zubar da kayan ciki a fili za ka ga shirwa tana shawagi, kuma matan unguwar su ne za su ba ka labarin 'yan tsakin da ake ɗauke musu a tsakar gida. Ɗan tsako bai taɓa gasar abinci da hanjin saniya ba, amma hanjin saniya ne ya gayyato mai ɗauke shi. Wani masani mai suna Robert Holt ya yi wa wannan al'amari cikakken bayani a shekarar 1977: halittu biyu da ba sa rigima kan komai, amma yawan ɗaya yana cutar da ɗayan, saboda mai farautarsu guda ne. Magabatanmu sun riga sun faɗa, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Akwai misalin da ya girgiza masana. A tsibirin Santa Kuruz da ke gaɓar jihar Kalifoniya a Amurka, akwai wata 'yar yanyawa da ba ta wuce girman kyanwa ba, wadda ta shafe dubban shekaru a wurin. Mutane suka kai aladu, aladun suka bazu a daji suka yawaita. 'Ya'yan aladun nan suka zama abincin da ya jawo wata irin gaggafa daga babban yanki ta zo ta zauna a tsibirin. Da ta zauna, sai ta haɗa da yanyawa. Daga kimanin 1,500 a 1994, cikin shekaru ƙalilan yanyawar ta koma ƙasa da 100. Ba a shawo kan lamarin ba sai da aka kwashe gaggafar aka mayar da ita wani wuri, aka kuma kawar da aladu fiye da 5,000. A 2016 aka cire yanyawar daga jerin dabbobin da ke dab da ƙarewa. Darasin shi ne, sai da aka taɓa abincin da ke riƙe da mai farautar kafin gyara ya tabbata.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, kada wani ya ɗauka madadin abinci sharri ne a kowane hali. Akwai fuska ta uku, kuma alheri ce. Mai farautar da ya dogara da abinci iri ɗaya tak yana cikin haɗari, domin ranar da abincin ya yanke, ko ya mutu ko ya yi ƙaura. In ɓarna ta dawo kuma, babu mai tare ta. Gida biyu maganin gobara.

Mu leƙa Maraɗi a Jamhuriyar Nijar mu ga yadda aka mayar da wannan ilimi abin amfani. Manoman gero a yankin Sahel sun san wata tsutsa da ke shiga zangarniya tana yanka ta a karkace, ta bar wa manomi sanda babu ƙwaya. Allah Ya yi mata abokin gaba, wani ɗan mitsitsin ƙwaro dangin zanzaro, wanda ba ya harbin mutum. Macen takan harbi tsutsar ta sandarar da ita, ta saka ƙwai a jikinta, 'ya'yan su ƙyanƙyashe su cinye ta. Matsalar ita ce tsutsar geron 'yan makonni take yi a gona, sauran watannin shekara tana kwance a cikin ƙasa. A tsawon ranin nan ɗan ƙwaron yakan ragu ƙwarai, har in damina ta zo, kafin ya farfaɗo an riga an yi ɓarna.

Tun daga 2006 masu bincike na cibiyar binciken aikin gona ta Nijar, wato INRAN, reshen Maraɗi, tare da takwarorinsu na Burkina Faso da Mali, suka riƙa kiwon ɗan ƙwaron a kan wata tsutsa daban, wadda ke cin hatsin ajiya. Ga yadda ake yi. Ana samun ɗan ƙaramin buhu na rama, a zuba masa ɗan gero da gari, a sa tsutsotsin nan 25, a sa mata biyu na ɗan ƙwaron, a ɗinke baki. Idan gero ya fara fid da kai sai a rataye buhunan a kusa da gonaki, a inda ruwan sama ba zai jiƙa su ba. Cikin ƙasa da mako biyu sababbin 'ya'ya su riƙa fitowa ta ƙofofin saƙar buhun, su bazu cikin gonaki suna neman tsutsar gero. Madadin abinci ne ya raya rundunar har ta iso filin daga a kan kari.

To mene ne ya bambanta buhun Maraɗi da bakin kwatar Kasuwar Kwastam? Abu biyu. Na farko, abincin da ke cikin buhun nan an auna shi, yana ƙarewa daidai lokacin da ake son mai farauta ya fita aiki. Sharar kasuwa kuwa ba ta ƙarewa, kowace yamma ana sabunta ta. Na biyu, kuma shi ne mafi girma, abincin buhun Maraɗi mai farauta kaɗai yake ciyarwa, tsutsar gero ba ta samun komai a ciki. Sharar kasuwa tana ciyar da kyanwa, tana ciyar da ɓera a akushi ɗaya. Tana kashe wa kyanwa sha'awar farauta, tana ƙara wa ɓera ƙarfin haihuwa. Wanda ya gane wannan ya gane tushen matsalar.

Nan ne da yawa daga cikinmu suke garzayawa wajen mai shinkafar ɓera. Ku ba ni aron hankalinku, domin ilimin da zai nuna mana illar hakan a kasuwar kifi aka fara gano shi. Wani masanin halittun ruwa ɗan Italiya, Umberto D'Ancona, ya duba littattafan kasuwannin kifi na garuruwan bakin tekun Adiriyatik, ya lura cewa a shekarun Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 1914 zuwa 1918, lokacin da masunta suka rage fita, kason kifaye masu cin 'yan'uwansu ya ƙaru a cikin abin da ake kamawa. Ya kai wa masanin lissafi Vito Volterra, shi kuma a 1926 ya fitar da ƙa'ida: idan ana kashe mai farauta da abin farautarsa babu bambanci, abin farautar ne ke cin riba a ƙarshe.

Dalilin a fili yake. Macen ɓera tana ɗaukar ciki na kimanin mako uku, ta haifi 'ya'ya da yawa a lokaci guda, su kuma cikin wata uku sun isa haihuwa. Kyanwa tana ɗaukar ciki na kimanin wata biyu, 'ya'yanta kaɗan ne, kuma suna daɗewa kafin su iya farauta. Ɓeran da ya ci guba ba ya mutuwa nan take, yakan fito yana tangaɗi, ya zama shi ne mafi sauƙin kamu a kasuwar. Kyanwa ta ci shi, mujiya ta ci shi, guba ta shiga jikinsu. Bayan 'yan makonni ɓera ya cike gurbin da aka yi masa, domin abinci yana nan inda yake, masu tsaronsa kuwa sun ragu. Ga kuma haɗarin da gubar take da shi ga yara, da kaji, da hatsin da za a auna wa mutane.

Wani zai ce, duk wannan dogon bayani a kan ɓera? Jama'a, mu mutanen Borno mun fi kowa sanin cewa zancen ɓera zancen rai ne. A shekarar 1969, a garin Lassa da ke ƙaramar hukumar Askira/Uba a wannan jiha tamu, aka fara gane zazzaɓin da duniya take kira da sunan garin, bayan ya kama wasu ma'aikatan jinya na mishan, biyu daga cikinsu suka rasu. Daga baya aka tabbatar cewa wani ɓera mai yawan nonuwa ne ke ɗauke da ƙwayar cutar. Shi ba ya ciwo, amma yana zubar da ita a fitsarinsa da kashinsa a kan hatsi, da gari, da kwanukan da aka bari a buɗe. Macensa takan haifi goma ko fiye a ciki ɗaya. Cutar ta fi tashi da rani, daga wajen Disamba zuwa Afrilu, kuma takan ɗauki har kwana 21 kafin ta bayyana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin kashi 80 cikin ɗari na masu kamuwa ba sa jin jiki sosai, amma sauran tana iya kai su ga halaka, wasu kuma su warke da kurumta. Kasuwa ita ce mahaɗar hatsin ƙauye da tukunyar birni. Buhun da ɓera ya yi wa fitsari a sito, gobe a gidan wani za a tuƙa shi.

Kuma kada mu manta da ambaliyar 10 ga Satumba, 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye unguwanni da kasuwannin wannan birni. Gine-ginen da ruwa ya kwana a cikinsu sukan bar tsaga a bango da rami a daɓe, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Duk sito da aka koma cikinsa ba tare da an toshe waɗannan kafofi ba, an bar wa ɓera ƙofa.

(Ɗan gajeren kiɗa)

To mene ne abin yi?

Da farko, a rufe akushin da ake ci tare. Masu kifi da mahauta da masu abinci su riƙa tara abin zubarwa a cikin duro ko bokiti mai murfi, a kwashe shi kafin dare, kada ya kwana a bakin kwata. Hatsin da aka share daga ƙasa a zuba shi a mazubi a rufe. Wannan aiki ba na mutum ɗaya ba ne, domin in layi ɗaya ya gyara na kusa da shi bai gyara ba, ɓera zai yi ƙaura ne kawai ta taku ashirin. Shugabannin kasuwa, da Sarkin Pawa, da shugabannin kowane layi, da duba-gari, da hukumar tsaftar muhalli ta jiha, BOSEPA, su haɗa kai a tsayar da lokacin kwashe shara da kowa zai sani.

Na biyu, ba muna cewa a bar kyanwa da yunwa ba. Addininmu ya hana azabtar da dabba, kuma kyanwar da ta rame ba ta iya farauta, sai dai ta koma kan 'yan tsakin maƙwabta. Wanda yake son kyanwa ta tsare masa sito, ya ba ta abinci daidai gwargwado da safe, da ruwa mai tsabta, a wuri ɗaya kusa da siton, ya ɗauke kwanon kafin magariba. Da haka za ta zauna a wurin, dare kuma ya same ta da sha'awar farauta. Ko ba ta kashe da yawa ba, zamanta yana da amfani. A wancan binciken na Niyok an ga ɓeraye suna rage fitowa fili a duk lokacin da kyanwa ke kusa. Wani bincike da aka wallafa a 2017 daga ƙasar Swaziland, wadda yanzu ake kira Eswatini, ya nuna cewa a gidajen karkara da ke da kyanwa da kare tare, ɓeraye sun rage zirga-zirgar neman abinci saboda tsoro. Amma tsoro yana aiki ne in abincin yana da wuyar kaiwa. In yana zube a bakin rami, ɓera ba ya buƙatar yin nisa.

Na uku, a gyara ajiya. A ɗora buhuna a kan katako, a janye su daga jikin bango yadda mutum zai iya zagayawa, kyanwa ma ta samu hanyar wucewa. A toshe ramuka da siminti, a sa ragar ƙarfe a tagogi da bakin magudana. Wanda yake da hali ya zuba hatsi a duron ƙarfe mai murfi. A daina shanya abinci a ƙasa a bar shi ya kwana.

Na huɗu, a fifita tarko a kan guba. A kafa tarkuna da yawa a lokaci ɗaya a bin bango, layi-layi, bayan an riga an kawar da shara, domin a lokacin ne ɓera mai jin yunwa zai kula abin da ke kan tarko. Kada a taɓa mataccen ɓera da hannu. A sa leda ko safar hannu, a binne shi da zurfi, a wanke hannu da sabulu.

Na biyar, a ƙyale mujiya. Camfin da ake yi a kanta ya sa yara suna jifarta, manya suna korarta daga rufin sito, alhali ɓera shi ne babban abincinta, kuma da dare take aiki, daidai lokacin da yake fitowa. A gonakin kwakwar manja na Malesiya, manoma har akwatuna suke kafa mata a kan sanduna domin ta zauna ta hayayyafa ta tsare musu amfanin gona. Tsuntsun da wasu ke gina wa ɗaki bai kamata mu riƙa kashe shi ba.

Daga ƙarshe, duk wanda zazzaɓi ya kama, ya sha maganin cizon sauro bai sauka ba, ga ciwon kai da ciwon maƙogwaro da kasala, to a hanzarta kai shi asibiti, a gaya wa likita in yana aiki ne a wurin da ɓera ya yi yawa. Zuwa da wuri yana ceton rai, yana kuma kare masu jinya.

Iyayena da 'yan'uwana 'yan kasuwa, kyanwa da mujiya da ɗan ƙwaron Maraɗi ma'aikata ne da ba a biyansu albashi, amma cikinsu suke bi. Mu ne masu raba abincin kasuwa, saboda haka mu ne masu yanke hukuncin wanda zai yawaita a cikinta. A kai wannan magana zaman shugabannin layi na gaba, a fara da duro ɗaya mai murfi a kowane layi.

A nan za mu dasa aya. Allah Ya sa albarka a kasuwancinmu, Ya tsare mana lafiyarmu da ta iyalanmu.  

(Kiɗan rufe shiri)